Gwajin Wata Uku

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku, ku sarara min haka nan. An koma makaranta, ni ma ina da 'ya'ya. Ga shi na kawo, sai dai wadda take karantawa a tsaye ta nemi wuri ta zauna tukuna.

*

"Ba za mu taɓa idon Baba ranar Laraba ba."

Abin da likitan ido ya faɗa wa Salma ke nan da safen nan, bai ko ɗaga murya ba. Ya turo mata takardar gwajin jinin mahaifinta, ya ɗora biro a kan wata lamba.

"Sugansa ya yi yawa. In muka yi aiki a haka, wurin zai iya ƙin warkewa. Ku je ku saukar da shi, ku dawo bayan wata uku da sabon gwaji."

Wata uku kuma! Mahaifin nata, Malam Abdulbaƙi, da yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ta kama hanyar na biyun. Mutumin da ya shekara biyu yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, izu huɗu kacal suka rage masa, kullum addu'arsa Allah Ya bar masa gani har ya sa aya ta ƙarshe.

Salma ba ta koma makarantar da take koyarwa ba. Keke ta tara, ta ce Yelwa, ta sauka a ƙofar ɗakin gwajin da aka ɗebi jinin, ta shiga ko sallama babu.

Nkechi na zaune da farar riga tana liƙa suna a jikin wata 'yar kwalba. 'Yar soja ce, a barikin Shadawanka aka haife ta, benci ɗaya suka zauna da Salma a sakandare, Hausa kuwa a bakinta sai ka rantse 'yar cikin gari ce.

"A'a, Malama, lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Kun yi kuskure."

"Wa ya yi kuskure?"

"Ku. Jinin wani kuka auna kuka rubuta sunan Baba."

Nkechi ta ajiye kwalbar, ta jawo kujera da ƙafa.

"Zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"To tsaya. Me likitan ya ce?"

Salma ta zuge jaka ta fito da wani littafi mai bangon shuɗi, ta buga shi a kan tebur. Littafin nan ta fi ji da shi fiye da rajistar ajinta. Kullum bayan sallar asuba take barin gidan mijinta, ta je unguwar Jahun gidan iyayenta, ta soki yatsan Baba kafin ya sa komai a baki, ta rubuta lambar da mashin ɗin auna suga ya nuna.

"Duba nan. Ɗari da talatin da biyu. Ɗari da ashirin da takwas. Ɗari da talatin da biyar. Kwana casa'in da ɗaya, Nkechi, ko rana ɗaya ban tsallake ba. Ranar da aka yi ruwan nan da ya cika kwalbati ma na je."

"Na gani. Rubutunki yana nan da kyansa."

"Ba wasa nake ba! Jiya da na karɓi takardar na ga goma, har hamdala na yi. Na ce goma kacal? Ashe ma ya fi nawa sauka. Yau kuma likita ya ce wai goman ce ta hana aiki. To wanne zan ɗauka, naku ko nawa?"

Ni kuwa na ce oh, Malama Salma, malamar lissafi guda, yau ga lamba ta juya miki baya.

Nkechi ta ɗauko wata farar takarda da biro.

"Duka biyun za ki ɗauka, don babu mai ƙarya a cikinsu. Amma goman nan ba irin lambar mashin ɗinki ba ce. Zauna mana, wuyana ya gaji."

Salma ta zauna a bakin kujerar, jaka a cinya.

"Mashin ɗinki, abin da ke cikin jinin Baba a daidai lokacin da kika soke shi yake gaya miki. Lokacin nan kaɗai. Bayan awa biyu bai san me ya faru ba."

"Na san wannan."

"To namu, wanda kika ga an rubuta HbA1c, wani abu daban yake dubawa. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin wata uku zuwa huɗu suna yawo a jiki kafin su mutu a yi sababbi. Duk tsawon yawon nan suga yana manne wa abin da ke sa su ja. In ya yi yawa a jini, da yawa zai manne. In kaɗan ne, kaɗan. Wanda ya manne kuma ya manne ke nan, ba ya sauka."

"Ko mutum ya yi azumi?"

"Ko ya kwana uku bai ci ba. Kin san nawa suke zuwa min nan da yunwa, wai don lamba ta yi kyau? Sai in ce Baba je ka karya, wannan gwajin ba ya jin lallashi. To shi ne muke aunawa, cikin ɗari nawa ne suga ya manne wa. Na Baba goma ne."

"Goma cikin ɗari ai ba yawa."

"A jarrabawa ba yawa. Bari in mayar miki da shi yaren mashin ɗinki."

Ta fara rubutu tana faɗa.

"Shida, kamar mashin ya nuna ɗari da ashirin da shida ne dare da rana. Bakwai, ɗari da hamsin da huɗu, nan ake so yawancin masu ciwon suga su tsaya ko su yi ƙasa kaɗan. Takwas, ɗari da tamanin da uku. Duk ɗaya da ya ƙaru, kusan ashirin da tara ne a wajenki."

Salma ba ta jira ba, bakinta ya riga ya fara motsi.

"Goma ke nan ɗari biyu da arba'in."

"Yawwa."

"Ɗari biyu da arba'in? Baba?"

"Matsakaicinsa ke nan na wata ukun nan. Da safe, da rana, da lokacin da yake barci, duka a haɗe a raba."

"Wallahi ban taɓa ganin lambar nan a mashin ba. Ko kusa da ita."

"Na yarda."

"To ko gwajin naku ne ya ruɗe?"

"Yana ruɗewa wani lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Mai ƙarancin jini, ko mai sikila, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, nasu yakan ba da lambar da ba ita ba. Na duba na Baba, ba ko ɗaya. Kuma da na ga sunansa sai da na maimaita, don na san za ki zo min da wannan fuskar."

Salma ta kalli littafinta. Can ta jawo takardar gabanta, ta karɓi biron daga hannun Nkechi. Abin da take koya wa 'yan aji biyu ne, ba sai an gaya mata ba. Ɗalibin da ya ci talatin a gwajin farko, matsakaicinsa ya fito sittin, to akwai inda ya ci tamanin ko casa'in.

"In na safe ɗari da talatin ne," ta faɗa a hankali, "matsakaici kuma ɗari biyu da arba'in, to akwai lokacin da yake haura ɗari uku. Kuma ba na minti biyar ba. Awanni yake yi a can."

"Ƙarfe nawa kike barin gidan?"

"Bakwai da kwata."

"Ki dawo yaushe?"

"Biyar da rabi, in kawo masa abincin dare. Acca da ganye, ni nake dafawa da hannuna."

"Awa goma ke nan, Salma. Littafinki bai san komai a kan awa goman nan ba."

Ran Salma ya sake ɓaci.

"Me kike nufi? Babu ƙwayar suga a gidanmu. Ranar da aka ce Baba yana da ciwon nan, Inna da kanta ta kwashe na gidan kaf ta ba maƙwabta. Ko baƙo ya zo, shayi ba suga yake sha. Baba kuma kin san shi, mutumin da ko goro ba ya ci a ɓoye."

"Ban ce kowa ya ɓoye komai ba. Ni jini na sani, ban san gidanku da rana ba. Ke ma ba ki sani ba."

Maganar ta yi wa Salma zafi, don gaskiya ce.

"Je ki yanzu," Nkechi ta ce. "Kada ki bari sai yamma. Ki gwada shi kamar awa biyu bayan ya sa wani abu a ciki. Kuma don Allah ki shiga da sallama, ba irin shigowar da kika yi min ba."

*

An idar da azahar da daɗewa ta isa Jahun. Rabon da ta ga gidansu a irin wannan lokacin ranar aiki har ta manta. Tsakar gida a share, tabarmar Inna a naɗe jikin bango, ana jin motsinta can cikin kicin.

Daga ɗakin Baba kuwa ƙarar alƙalamin kara ce take fitowa, ƙirr, ƙirr, a kan takarda. Da wannan ƙarar Salma ta girma.

Ta yi sallama. Ƙarar ta tsaya cak. Kafin ta gama ɗaga labule Malam Abdulbaƙi ya jawo gafakarsa ta fata ya rufe takardar da ke kan cinyarsa.

"Wa alaikumus salam. Auta? Lafiya da ranar nan?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da aiki."

Ta durƙusa gefen buzunsa. A nan idonta ya sauka a kan wani kofin silba kusa da bango. Babu komai a ciki sai ɗan abin da ya kwanta a ƙasa, amma kiyashi sun yi layi tun daga bakin ƙofa har cikinsa.

Ta ɗauka ta shinshina. Ta lakato da yatsa ta ɗanɗana.

"Baba, wannan zuma ce."

"Zuma ce."

"Tun yaushe?"

Ya laluba ya ajiye alƙalamin a gefe.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ɗaga aikin. Wata uku."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali ya faɗa, kamar wanda dama yake jiran labarin.

"Baba, tun yaushe kake shan zuma?"

"Tun bayan babbar sallah. Innarki ke ba ni. Da hantsi a cikin kunu in kin tafi, bayan azahar a ruwan ɗumi da habbatus sauda, da la'asar kuma da dabino bakwai."

"Cokali nawa?"

"Ba na ƙirgawa. Hannun Innarki dai kin san shi, ba ya rowa."

Salma ta dafe kai. Kusan wata uku! Ita tana can tana auna acca da ludayi, tana hana shi ko lomar tuwon shinkafa, tana rubuta lamba da jan biro da shuɗi.

"Amma Baba zuma ai suga ce! A jini duk ɗaya suke!"

"Rage murya."

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ba ɓoye miki ta yi ba. A wajenta ba abinci ba ne balle ta kawo miki rahoto, magani ne. Ta ji ana cewa zuma waraka ce, kuma gaskiya ne, waraka ce. Sai dai ba ta san kowane magani da ma'auninsa da mai shansa ba. Da ƙafarta take zuwa kasuwar Muda Lawal, ba ta aike. Sai ta tsoma tsinken ashana a ciki ta kyasta, in bai kama ba ta ce an haɗa da ruwa, ta wuce gaba."

"Kai fa, Baba? Kai ka sani?"

Ya shafa gemunsa.

"Jikina ya gaya min. Ƙishirwa ba ta barina. Alwalar azahar ba ta kai ni la'asar, ni da nake kai ta isha'i."

"To me ya sa ba ka daina ba? Me ya sa ba ka faɗa min ba? Idonka ne fa! Izu huɗu, Baba!"

Hawaye ya riga ya zubo mata. Shi kuwa ya juyo da fuskarsa wajenta, idon dama fari fat, na hagun ma ya fara hazo.

"Auta, zan tambaye ki. Shekara nawa Innarki tana ba ni abinci?"

Bai jira amsarta ba.

"Arba'in da huɗu. Ban taɓa cin girkin wata mace a gidan nan ba sai nata. Ranar da aka ce ina da suga, kika zo da mashin, kika zo da littafi, kika zo da takarda kika liƙa a ƙofar kicin ɗinta, wannan a ci, wannan kada a ci. Da boko kika rubuta, ita ba ta karanta boko. Washegari kika fara zuwa da kula daga gidanki."

"Don lafiyarka na yi."

"Na sani, Allah Ya yi miki albarka. Amma kin taɓa waiwayawa kin ga inda take tsayawa in kina soka min yatsa? Bakin ƙofa take tsayawa, hannu a baya, kamar baƙuwa. Ba ta taɓa tambayarki lambar ba, ke ma ba ki taɓa gaya mata ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Rannan sai ga ta da kofin nan, tana murna kamar yarinya. Ta ce Malam, na samo abin da zai wanke maka ido. Abu ɗaya da ya rage mata ta yi min da hannunta ke nan. Ke a ganinki da wane baki zan ce mata ɗauke?"

Jama'a, ni nan ban san bayan wa zan bi ba. Salma ta yi gaskiya, Baba ya yi kara, Inna kuma ƙauna ce ta sa ta. Amma idon mutum ɗaya ne ake magana a kai, kuma haushin duka ukun nake ji.

"Na ɗauka zan jure har a yi aikin," Malam ya ce. "Na ga lambar safe tana kyau, na ce to, in sha Allahu ba za a gane ba. Ban san akwai gwajin da yake tuna abin da mutum ya sha wata uku baya ba."

"Wane gwaji ne wannan?"

Su biyun suka juya. Inna Fati ce a bakin ƙofa, labule a kafaɗarta, wani kofin a hannunta da ɗan faranti na dabino. Ba wanda ya ji tahowarta.

Salma ta yi saurin goge fuska.

"Inna, sannu da gida."

"Na ce wane gwaji ne yake tunawa? Kuma me ya sa kike kuka a gaban mahaifinki?"

"Fati, shigo ki zauna," in ji Malam.

Ba ta zauna ba. Ta shigo dai ta tsaya.

"Na ji ana zancen zumata. Me ta yi?"

Salma ta kalli Baba. Baba ya sunkuyar da kai. Ta gane yau ba mai ɗaukar mata wannan kayan.

"Inna, an ɗaga aikin ido. Sun ce sugan Baba ya yi yawa."

"Wane suga? Akwai suga a gidan nan ne? Ke da bakinki kullum kike cewa alhamdu lillahi in kin duba abin naki."

"Na safe ne yake kyau. Akwai wani gwaji da ake yi a asibiti, shi yana haɗa na safe da na rana da na dare, na wata uku, ya faɗi tsaka-tsakinsu. Kamar ki ce tuwon gidan nan mudu nawa ake ci a rana, ba za ki duba karin kumallo kaɗai ba."

"To na ji. Sai aka ce me?"

"Tsaka-tsakin Baba ya kusa ninka na safe. Ma'ana da rana yake hawa sosai." Ta kalli kofin da ke hannun Inna. "Zuma tana hawar da shi, Inna. Da dabinon. Jini bai san bambancinsu da suga ba."

Inna Fati ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Zuma? Zumar da Allah Ya ambata? Ke Salma, bokon naki ya kai nan?"

"Ban ce ba magani ba ce. Ga mai ciwon Baba ne, da yawa haka..."

"Tun da na fara ba shi, rana ɗaya ya fasa rubutu? Ina kicin ina jin alƙalaminsa tun hantsi har la'asar. Mutumin da aka ce ido zai rufe kafin azumi! Malam, ka yi magana mana. Ba ka ce min kana jin daɗinta ba?"

"Na ce."

"To?"

Malam ya kawar da kai.

Inna ta dube shi, ta dubi 'yarta. Sai ta ajiye farantin dabinon a ƙasa.

"Ina abin naki? Ɗauko. Gwada shi yanzu a gabana. Yau ni ma zan gani."

Salma ta fito da mashin. Ta goge yatsan Baba da auduga, ta soka, ta ɗiga jinin a bakin 'yar takardar gwajin da ke jikin mashin. Wannan karon Inna ba ta tsaya a ƙofa ba, ta durƙuso har kafaɗarta na taɓa ta Salma, tana kallon gilashin da ba ta iya karanta abin da ke kansa.

Mashin ya yi ƙara.

"Nawa? Kada ki rage min ko ɗaya."

"Ɗari uku da talatin da takwas."

"Na yau da safe fa?"

"Ɗari da talatin da ɗaya."

Inna Fati ba ta yi boko ba, amma ta shekara talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida, ba a yi mata wayo a lamba. Ta daɗe tana kallon kofin da ke hannunta.

"Tsakanin safe da yanzu," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "ba abin da ya ci sai abin da na ba shi."



Ta nemi inda za ta ajiye kofin. Kurtun tawadar Malam ne a gabanta, ta sa hannu za ta matsar da shi gefe. Sai ta tsaya da shi a hannu.

Ita take dafa masa tawada tun tana amarya, da bagaruwa da ƙaro, ta tace ta zuba masa. Ta san nauyin kurtun nan in ya cika, ta san nauyinsa in ya kusa ƙarewa. Ta girgiza shi kusa da kunnenta. Ta kifa shi a tafin hannunta. Ko ɗigo bai fito ba, sai wani busasshen ɓawo baƙi da ya faɗo.

"Malam, rabonka da ka ce in dafa maka tawada..."

"Fati, bar shi."

Ta ɗauki alƙalamin ta shafa bakinsa da yatsa. A bushe yake ƙayau. Ta kai hannu kan gafakar da ke cinyarsa. Ya riƙe. Ta ja a hankali, ya sake mata.

Takardar fara ce tas. Babu harafi ko ɗaya, sai sawun bakin kara da ya kankare ta layi bayan layi, har ta fara hujewa a tsakiya.

Salma ta toshe bakinta da mayafi.

"Tun yaushe?" in ji Inna.

"Yau kwana ashirin da shida. Na daina ganin layi. Littafin Allah kuma ba a rubuta shi da cinta, sai na tsaya."

"To ƙarar da nake ji fa?"

"Don ki ji nake yi."

Inna Fati ta zauna daɓas a ƙasa, takardar a hannunta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin kallo. Ta sa ɗayan hannun ta tura kofin zumar can nesa da buzun Malam, har ya ɗan zube a kan siminti.

Sannan ta juyo ta kalli 'yarta, ido cikin ido.

"Auta, ke kika san lissafinsu. Daga yau ko ruwa ba zan ba shi ba sai kin nuna min. Amma ki gaya min gaskiya, don girman Allah."

"Ina ji, Inna."

"Wata ukun nan da likitan ya ce, idon zai jira mu?"